Hannu Kamar Mai Riƙe da Ƙwai

YOANDRI: Alo, Mama? Ni ne, Yoandri. A sa mini albarka.

HERMINIA: Allah ya yi maka albarka. Ɗaga murya, layin nan sai tsuwa yake kamar ana suyar ayaba.

YOANDRI: Ina wuni? Ya ƙafar?

HERMINIA: Tana nan inda ka bar ta. Ya matarka? Ya jikata Dayami?

YOANDRI: Duk lafiya lau. An yi ruwa a Remedios?

HERMINIA: An yi shekaranjiya.

YOANDRI: Madalla. Ya kaji? Suna yin ƙwai?

HERMINIA: Kai? Kaina ƙalau yake.

YOANDRI: Ƙwai na ce, Mama. Na kaji.

HERMINIA: Shekararka talatin da shida, ba ka taɓa gaida kajina ba. Faɗi abin da ke bakinka.

YOANDRI: Maganar Dayami ce. Kin san wata huɗu ke nan tana koyon fiyano.

HERMINIA: Na sani. Ba kai ka sa ƙarti shida suka hau bene da akwatin kiɗan gwaggon matarka ba?

YOANDRI: To, ranar Juma'a za a gwada su a makarantar kiɗa. Yara sittin, takwas za a ɗauka, kuma in yaro ya wuce shekara bakwai an rufe masa ƙofa. Yau kwana uku ta ƙi zama gaban fiyanon. Ko murfin ba ta ɗagawa.

HERMINIA: Me ka yi mata?

YOANDRI: Me ya sa sai ni?

HERMINIA: Ni na haife ka.

YOANDRI: Malama Ofelia ce ta ce yatsunta a shimfiɗe suke, ta riƙa lanƙwasa hannu kamar mai riƙe da ƙwai. Shi ne na ce bari mu gwada da na gaske.

HERMINIA: Ɗanye?

YOANDRI: Ɗanye.

HERMINIA: Nawa?

YOANDRI: Biyar. Na ƙarshen ya tsiyaye cikin fiyanon, har yau falo ƙarni yake. Ta fashe da kuka, uwarta kuma ta daina yi mini magana. Shi ya sa na ce ko za ki aiko da na ƙananan kajin nan naki, sun fi daidai da hannunta.

HERMINIA: Ko ɓawo ba zan aiko ba. Babu tukunya a gidanku? Ruwan zafi ma ya gagare ka? Ni aji biyu na yi a makaranta, amma na san in an ce "kamar", ba a ce "shi ne" ba. In gobe malamar ta ce ta zauna kamar sarauniya, sai ka tafi nema mata ƙasa?

YOANDRI: Mama, ba abin dariya ba ne.

HERMINIA: Ka ji na yi dariya? In tana bugawa, kai kana ina?

YOANDRI: A bayanta. Ina ƙirga mata, ɗaya, biyu, uku...

HERMINIA: Kai? Kai da in ana bikin Kirsimeti a garin nan, ganga na gabas ƙafarka na yamma?

YOANDRI: Ba ki ga fuskarta ba ne ranar da ta fara haɗa waƙa guda. 'Yar guntuwa ce, amma ina ƙarƙashin bas a gareji ina rera ta. Ba na so ta girma ta ce ubanta ne ya ɓata mata.

HERMINIA: Ban ce ba ka son ta ba. Amma ko shinkafa ce, in kana buɗe tukunyar kowane minti... Alo? Yoandri? Layin ne?

YOANDRI: Yi shiru, Mama. Kina ji?

HERMINIA: Ni kake ce wa in yi shiru? Mene ne wannan, ƙwan-ƙwan-ƙwan?

YOANDRI: Ita ce. Ta zauna da kanta.

HERMINIA: Kai kana ina yanzu?

YOANDRI: A baranda. Nan kaɗai waya ke kamawa.

HERMINIA: Tana ganin ka?

YOANDRI: A'a, labule ya kare ni. Ji, ji, nan take yin kuskure kullum. Ga shi ta sake. Bari in leƙa in...

HERMINIA: In ka ɗaga ƙafa daga barandar nan, albarkar da na sa maka ɗazu na karɓe abata.

YOANDRI: Amma da babban yatsa ya kamata ta...

HERMINIA: Yatsunta ne. Tsaya.

YOANDRI: Ta koma farko... Mama, ta wuce wurin. Ta wuce shi!

HERMINIA: Rage murya, kada ta ji ka. To, ba laifi. Na ji waɗanda suka fi haka muni a coci. Juya mata baya, ka ci gaba da ba ni labari. Ko na tayar bas ne.

YOANDRI: Katin ya kusa ƙarewa, sun yi mini gargaɗi tun ɗazu.

HERMINIA: Ya ƙare mana. Ka bar wayar a kunnenka, kana cewa "to, Mama, to, Mama," har sai yarinyar nan ta tashi don kanta. Ka ji ni?

YOANDRI: To, Mama.

HERMINIA: Yawwa, haka. Kuma ranar Juma'a, uwarta ce za ta shiga da ita. Kai a bakin ƙofa za ka...