Ciyawar da Muka Ɗaure da Hannunmu

Assalamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙu. Ni ne Garba, masunci daga wani ƙauyen bakin ruwa a ƙasar Ngaski.

Kullum idan kun ce "mamaya" a labarai, maganar sojoji ce da bindigogi. To, mu ma an mamaye mu, amma ciyawa ce.

Bara ruwa ya kawo ta, koriya shar, da fure shuɗi. A saninmu, inda ciyawa ta yi inuwa nan kifi yake taruwa. Sai muka kafa turaku muka ɗaure ta a mashigarmu don kada ta wuce. Inna ta ce, "Garba, a bakin ruwan nan na tsufa, ban san wannan ba. Ku sake ta." Na yi dariya.

Kafin kaka ta rufe mashigar ruf. Wata Laraba da hantsi naƙuda ta tsananta wa matata Hajara, ungozoma ta ce sai asibitin Yelwa. Muka sa ta a kwalekwale. Mu huɗu muna sara da adda, muna turawa da gora, har la'asar ba mu fita ba. Tana tambaya, "Maigida, mun kusa?" Ina ce mata mun kusa. A cikin jirgin ta cika, muna hangen rufin gidanmu.

Malam, ku tambayar mana masana, me ke kashe ciyawar nan? Mun sare ta, ta dawo. Ina gaida masuntan Shanga da Yauri. In kun gan ta, kada ku ɗaure. Turken da na kafa yana nan, har yau ta hana ni isa in cire shi.