Bargon Agaji da Turaren Wuta

A cikin Keke Napep daga unguwar Gabukka, ƙamshin jakar Yakura ya sa dattijon da ke gefenta magana.

"Hajiya, turaren wuta ne?"

"Haɗin hannuna, Malam. Yanzu har masu shago ke nemana." Bakinta har kunne. "Da muka gudo daga Bama ko takalmi babu, amma ban jira kowa ba."

"Sannunki. Amma talaka ba zai tashi ba sai masu kuɗi sun raba."

"Rabo? Bin layi kawai yake koya wa mutum."

"To ke da me kika fara?"

"Bargon agaji na sayar."

Dattijon ya tuntsire da dariya.

"Yi dariyarka, Malam. Duk layin aka ba bargo, amma wa ke ƙamshi yau?"