Ƙarafa Uku na Baba Tsatsa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ku.

Shugaban wannan zama, malam liman, mai unguwa da dattawansa, shugabannin maƙera da kafintoci da dukawa da magina, Inna uwargidan marigayi, babban ɗansa Yaya Babba da ƙannensa mata, maƙwabta da baƙin da suka yiwo tattaki, ina gaishe ku ɗaya bayan ɗaya. Sannunmu da haƙuri, sannunmu da wannan babban rashi.

An zaɓe ni in yi magana ne don shagon kafintancina ya jingina da katangar Baba tun gashin kaina yana baƙi, ba don na fi kowa iya baki ba. Zan gaya muku tun yanzu, na zo da yabo, na kuma zo da tsoro, kuma tsoron ya fi yabon nauyi. Ku bar ni in fara da yabon, don hakkinsa ne.

Mu muka laƙaba masa Baba Tsatsa, bai taɓa jin haushi ba. Ya kasance mutum ne da ba ya wuce tsohon ƙarfe a hanya. Ko a kwata ya gan shi sai ya tsuguna ya ɗauka, ya goge da gefen riga, Inna tana faɗa ya yi kunnen uwar shegu. Ya kasance mai ɗaki guda a bayan gida, wanda duk mun shiga: bango huɗu, daga ƙasa har rufi ƙusoshi ne, kowace ƙusa da abin da ke rataye a jikinta. Ga gizago, ga awartaki, ga basilla da zarto, waɗannan kowa ya san su. Amma mafi yawansu, wallahi ko mu masu sana'a sai dai mu yi ta kallo. Ya kasance in ka kawo masa abin da ba ka sani ba, ba ya dubawa da ido. Rufe ido yake yi, ya juya shi a tafin hannu, yana laluben inda ya yi santsi. Yakan ce, "Inda ƙarfe ya yi santsi, nan hannun mai shi ya zauna. Nemo inda hannu ya zauna, aikin zai faɗa maka kansa."

Kun tuna matar tela, lokacin da ake gyaran daɓen ɗakinta aka tono wani ƙarfe mai haƙora a ƙarƙashin gado. Ta fito ba ɗankwali, tana cewa an yi mata jifa, shi ya sa kullum yaranta ba lafiya. Ba wanda ya yarda ya taɓa shi, da sanda aka tura shi cikin kwano aka kai wa Baba. Ya ɗauka, ya rufe ido, can sai ya fashe da dariya. Ya ce, "'Yata, koma ɗakinki ki yi barci. Wannan na majemi ne, da shi ake miƙe fata kafin ta bushe. Kuma mai shi bahago ne, ga inda babban yatsansa ya ci." Ya aika ta asibiti da yaran, aka ba su maganin tsutsar ciki.

Ni kaina ban tsira ba. Ina da wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa da na tsinta a kasuwa, na daɗe ina cire ƙusa da shi, har nakan riƙe shi a baki in hannuwana sun cika. Ranar da Baba ya gan shi a bakina sai ya ce, "Kafinta, tofar! Wannan ya cire haƙoran mutane fiye da waɗanda ke bakinka." Ashe na masu cire haƙori ne na da. Na yini ina kurkure baki, shi kuwa ya yi ta ba da labarina har ƙarshen ransa.

Ya kasance ba ya karɓar ko sisi a kan wannan. Ya kasance mai zuwa jana'izar tsoffin masu sana'a, ya roƙi magada kada su zubar da kayan aikin mamacin. Ya kasance, kuma nan ne nake so ku buɗe kunnuwanku, shi ne mai buɗe ƙofar ruwa ta tsohuwar madatsa da ke saman garin nan.

Baƙi ba su san wannan ba, bari in yi musu bayani. A sama da mu akwai tsohuwar madatsar ruwa, a ƙasanta kuma unguwar gangare take, inda ni da da yawa daga cikinku muke kwana da iyalanmu. Madatsar tana da ƙofa guda ta ƙarfe. Kowace shekara, kafin ruwan sama ya yi ƙarfi, dole a buɗe ta ruwa ya bi magudanarsa ya wuce. In ba a buɗe ba, ruwa zai nemi hanyarsa da kansa, kuma hanyarsa ta kan rufinmu take. Tsohon mai gadin madatsar ne ya damƙa wa Baba ƙarafan buɗe ta kafin ya rasu. Tun daga nan, da zarar an fara ganin hadari a gabas, sai mu ga Baba ya saɓa wani buhu ya haura. Mukan ce, "Baba, a dawo lafiya," mu ci gaba da ayyukanmu.

Sau ɗaya tak ya yi mini zancen abin da ke cikin buhun. Ya ce ƙarafa uku ne: na ɗaga ƙusar da ke riƙe da ƙofar a kulle, na juya ƙofa, da na tokare ta kada ta dawo. Ya ce, "Ƙusar nan ta tsufa, ta yi siriri. In ka sa mata ƙarfen da ba nata ba, ko ka fara juyi kafin ka ɗaga, za ta karye a ciki, ƙofar ta kulle har abada. Ranar da haka ta faru, ku kwashe yaranku ku hau tudu." Na ce ya nuna mini su. Ya nuna bango da haɓa, ya ce, "Suna nan inda suke, bana za mu haura tare." Banar ce wannan, jama'a. Ya riga hadari tafiya.

Yanzu, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Inna, Yaya Babba, ƙannena mata, ku yafe mini in faɗi abin da ya faru, kuma ba wanda nake ɗora wa laifi. Da Baba ya cika, mutane suka yi yawa, gida ya kasa ɗauka. 'Ya'yansa mata, don kada baƙin ubansu su zauna a rana, suka sauke duk abin da ke bangon ɗakin nan, suka zuba a buhuna, suka share, suka shimfiɗa tabarmi. Wace 'ya ce ba za ta yi haka ba? Sannan Yaya Babba, mai hannun kyauta irin na ubansa, duk wanda ya zo ta'aziyya ya ce yana son abin tunawa da Baba, sai ya buɗe buhu ya ce ɗauki ɗaya. Alheri aka yi nufi. Amma Baba bai taɓa rubuta sunan ko ɗaya ba. Inda ya rataye kowanne, da abin da ke kusa da shi, su ne kaɗai shaidar da ya bari, yanzu kuwa ƙusoshi ne tsirara a bango.

Da na leƙa ɗakin na ga haka, sai na nemo shugaban maƙera. Muka juye buhunan da suka rage ni da shi. Mun sami ƙarafa masu baki mai kusurwa huɗu sun fi a ƙirga, duk kama da juna, kowanne zai iya shiga ramin ƙusar nan, kuma ɗaya ne kawai nata. Mun haura mun leƙa, ramin yana ƙarƙashin ruwa, hannu ne kaɗai ke kai wa. Mutanen hukumar ruwa sun zo, sun duba, sun ce za a yi sabuwar ƙofa, kuma mun yarda da su, amma su da kansu sun ce aikin ba zai kammalu kafin damina ba. Sun kuma gargaɗe mu kada mu yi gwaji da ƙusar, don ba ta da sau biyu.

Ina jin tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Ni da nake da jikoki suna kwana a ɗakin da ya fi kowanne kusa da magudana, yanzu ko iska ta kaɗa labule sai in fita in duba gabas. Matata ta fara ɗaure kaya ba tare da na ce mata komai ba. Kuma na san ba gidana kaɗai ba ne.

Saboda haka ga roƙonmu. Inna, ke ce kika yi shekaru kina wanke man da ke rigarsa in ya sauko daga madatsa. Ki daure ki shiga ɗakin nan tare da mu, ko da kusurwar da yake miƙa hannu ce ki nuna mana. Yaya Babba, a ɗaure bakin buhunan nan, kada ko ƙusa ɗaya ta sake fita. Ƙannena, na ji kuna shirin goge su da yashi ku shafa musu mai don girmama shi. Don girman Allah kada ku taɓa. Santsin da hannunsa ya bari da laka ta madatsa da ta maƙale a jikinsu, su kaɗai za mu lalubo, in kun goge shi ke nan.

Ku kuma jama'a, duk wanda ya karɓi abin tunawa, ya dawo da shi yau, kafin la'asar. Wanda ya ba ɗansa wasa ya karɓo. Wanda ya aika wa ɗan'uwansa a wani gari ya buga masa waya. Ba kunya a ciki, ba wanda zai tambaye ka komai. Ni ma an ba ni, ga shi na ajiye a kan teburin nan kowa ya gani. Na juya shi, na rufe ido, na laluba yadda ya koya mini, kuma ban san ko mene ne ba. Wataƙila na majemi ne. Wataƙila kuma shi ne ran unguwa guda, na kwana da shi a aljihu.

Muna godiya ga shugaban zama, da malam liman, da mai unguwa, da duk wanda ya bar aikinsa ya zo. Muna godiya ga iyalin da suka ba mu aron ubansu tsawon rayuwarsa.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa kowane tsoro da ya cire daga zuciyar wani ya zame masa nauyi a mizani. Ka ba Inna da 'ya'yanta haƙuri. Ya Allah, mu da muka saba ɗaga hannu muna roƙonKa ruwa, yau mun ɗaga muna roƙon Ka jinkirta mana shi. Ka ga hadarin da ya fara haɗuwa a gabas, Ka kuma ga yaran da ke kwance a gangare. Ka riƙe mana shi har mu buɗe ƙofar nan. Amin.