Kunun da Na Ba Inna a Kwance

Ina gaishe ku duka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Fasto, iyayena mata na zumunta, 'yan'uwana matasa, na gode da kuka ba ni wannan ɗan lokaci. Sunana Rahila. Ni ce wadda kuke gani a bencin baya tare da Goggo Ladi, ƙanwar babana. A wurinta nake zaune nan Tudun Wada tun da na samu makarantar koyon aikin jinya.

Zan faɗi gaskiya, da girman kai na shiga makarantar nan. Mahaifiyata, Inna, ta yi wata bakwai a kwance da shanyewar ɓarin jiki kafin ta rasu, kuma ni na yi jinyarta a ƙauyenmu. Ni ke yi mata wanka, ni ke juya ta, ni ke ba ta abinci, har matan unguwa suka sa mini suna Nas. Bayan an binne ta kowa cewa yake hannuna na asibiti ne, ni kuwa na yarda. Shi ya sa in na ga 'yan ajinmu suna yamutsa fuska don an nuna musu fo na majinyaci, sai in ce a raina 'ya'yan gata, ba ku ga komai ba tukuna.

Makonnin farko wahala ce irin ta kowa. Sunayen ƙasusuwa ba sa zama a baki, gado kuwa sai ka gyara shi sau biyar malama tana warwarewa. An kuma gaya mana akwai jarrabawar tankaɗe a ƙarshen zango, wanda ya faɗi ya tattara kayansa, wadda ta ci a sa mata hular nas. Duk wannan bai ɗaga mini hankali ba.

Sai wata Talata a ɗakin gwaji. Malamarmu, wata Hajiya dattijuwa da ta daɗe a aikin, tana koya mana yadda ake ciyar da majinyacin da ba ya iya taimakon kansa. Ta tayar da mutum-mutumin roba zaune, ta tokare masa baya da matasai. Ta ce mai shanyewar jiki, maƙogwaronsa ma yakan shanye. In aka ɗura masa abu mai ruwa yana kwance, ba duka ke tafiya ciki ba, wani huhu yake zarcewa. Zai yi ta tari ana ba shi, bayan kwanaki zazzaɓi ya rufe shi, numfashi ya fara sarƙewa, a gida kuma a ce ajali ne kawai.

'Yan'uwa, biro ya suɓuce daga hannuna. Wata bakwai a kwance nake ba Inna kunu. In na tayar da ita nishi take yi, sai tausayi ya kama ni in bar ta a kan matashi ɗaya ina zuba mata da cokali. In ta yi tari in shafa mata ƙirji, in ce sannu Inna, saura kaɗan, in ƙara mata wani. Tarin nan, zazzaɓin nan, numfashin nan, haka ta yi a makonta na ƙarshe. Hajiya ba ta tsallake ko ɗaya ba.

Ban gaya wa kowa ba. In Goggo ta dama kunu da safe sai in ce azumi nake, alhali ko addu'a na daina. Me zan ce wa Allah? Haushinsa nake ji, ina cewa in zai nuna mini, don me sai yanzu da ba ta da rai. Nakan sa farin kayana in fita kamar mai zuwa makaranta, in sauka daga Keke Napep a hanya, in shigo majami'ar nan babu kowa in zauna har a tashi. Na yi kusan mako biyu a haka. Na yanke cewa hannun da ya yi wannan ba zai taɓa uwar wani ba, gara a kore ni.

Hajiya ce ta aiko 'yar ajinmu har gida a kira ni. Na je ina jiran faɗa, sai ta rufe ƙofar ofis ta ce in zauna. Ban san lokacin da na kwashe komai na gaya mata ba. A ƙarshe na ce, "Hajiya, ni na kashe ta?"

Ta ce, "'Yata, ban ga mahaifiyarki ba. Ba zan ce miki e ba, kuma ba zan yi miki ƙarya in ce a'a ba. Amma kafin ranar nan, wa ya taɓa koya miki?" Na ce babu. Ta ce in je in yi kukana, in yi addu'a irin tamu, ranar Litinin tana son ganina a aji.

Da la'asar na tarar da Goggo tana tsintar shinkafa a tsakar gida, na gaya mata ita ma. Ta ajiye faranti, ta ja ni muka durƙusa a nan kan siminti. Bakina ya ƙi addu'a mai tsawo. Abin da nake ta maimaitawa kawai shi ne, Yesu, ban sani ba, ka gafarta mini, ban sani ba. Goggo tana riƙe da kaina tana kuka tana roƙo a madadina. Ba a ba ni amsar tambayata ba, har yau ban san ko kunun ne ya tafi da Inna ba. Amma da na tashi, abin da ya danne mini ƙirji ya sassauta, ranar na ci abinci. Yabo ga Ubangiji!

Na koma aji, na ci jarrabawar da kyar, aka sa mini hula Inna ba ta nan. Sai abu ɗaya ya rage mini, Baba.

Da aka ba mu hutu na je ƙauye, na zauna a gabansa na faɗa masa duka, ina jiran ya kawar da kai daga gare ni. Sai ya ce, "Ai ni nake ce miki ki bar ta a kwance, kada ki wahalar da ita." Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar, ko a wajen jana'izarta bai yi ba. Ya share fuska da hularsa, ya jawo takalmansa.

Ya ce, "Tashi mu je gidan maƙwabcinmu Mato. Matarsa tana kwance tun damina, a kwance suke ba ta. Ki je ki nuna musu."

Muka je. Na tayar da ita zaune, na tokare mata baya da buhun gero don ba su da matasai, na ba ta kunu ta sha ba ta yi tari ba.

Ina gode wa Yesu da bai bar ni na gudu ba. In akwai wanda ke zaune a nan da abin da ya kasa yafe wa kansa, kada ka riƙe shi kai kaɗai, ka kawo wa Ubangiji yadda yake, zai karɓa. Ku sa ni da Babana a addu'a, har yanzu muna kewarta. Amin.