Ƙwan Fara a Ƙarƙashin Toka

Shugaban wannan taro na manoma, sarakunan noma na Paiko da kewaye, iyayena maza da mata, jama'ar Minna, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka.

Na gode da kuka ba yaro kamata dama. Sunana Ishaku Kolo, bara na gama karatun ilimin ƙwari. Ku gafarce ni, abin da na gani ne ya tsorata ni.

Ƙwarin hamada kowanne da dabararsa. Tururuwar hamada doguwar ƙafa gare ta, tana ɗaga cikinta daga yashi mai ƙuna, ta fito da tsakar rana lokacin da ƙadangare ya ɓuya, ta koma da gudu. Akwai baƙin ƙwaro mai wani abu kamar kakin zuma a bayansa, wanda ke hana ruwan jikinsa fita. Waɗannan ba su dame mu ba.

Fara ce abin tsoro. Ita ba ta jure fari, mutuwa take yi. Amma kafin ta mutu sai ta tsira cikinta a ƙasa, ta binne ƙwai cikin kumfa, zurfin ɗan yatsa. Ƙwan ba ya ci, ba ya sha, ruwan sama kawai yake jira.

Farar da iska ta kwaso mana daga arewa da kaka, ta ajiye nata a gonakinmu. Na faɗa wa Baba Ndanusa, maƙwabcin mahaifina a Paiko, ya yi dariya, ya ce, "Ɗan boko, mun ƙone dajin nan ƙurmus! Wutar da ta fito da gafiya daga rami ce za ta bar ƙwai?" Na ce, "Baba, mu tona." Ya sara fartanya a cikin toka, sai ga su jere kamar shinkafa, lafiya lau. Wutar ciyawa wucewa take yi ta sama, zafinta ba ya isa can. Baba bai sake dariya ba. Cewa ya yi, "Irin dawata na ƙarshe ne a rumbu."

Iyayena, ranar da dawa za ta tsiro, ranar za su ƙyanƙyashe. Ban san yawansu ba, ba zan ƙaga muku adadi ba. Abin da na sani shi ne, idan aka tono su, rana tana busar da su, kaji da tsuntsaye suna tsincewa. Ina roƙonku, mu fita da fartanya gobe, mu tone gefen gonaki da wuraren yashi. Jiya na ga hadari ta gabas.

Allah Ya tsare mana shukarmu, Ya ba mu ikon rigan ruwa zuwa gona, Ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.