Sankarar Mama da Rigimar Sukari a Gidana

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Mai Ceto. Sunana Saratu, daga wani ƙauye kusa da Bagwai.

Bara da damina na ji ƙululu a nonona na hagu. A asibiti a Kano likita ta ce sankara ce. Ta yi mana bayani, ni da maigidana Bulus, cewa ƙwayoyin cutar suna lulluɓe furotin ɗin jikinsu da wani irin sukari. Da shi suke ɓuya wa garkuwar jiki, su bi jini su je su manne a wani wuri. Ta ce a yi aiki da wuri.

Duk wannan bayani, kalma ɗaya Bulus ya riƙe: sukari!

Muna dawowa ya kwashe sukarin gidan. Ya hana ni rake, ya hana ni dankali, har kokon safe sai salam. Yayarsa Yaya Ladi kuwa ta tare a ɗakina da ruwan ɗarbejiya.

"Wane aiki kuma?" in ji ta. "In kin bar zaƙi, yunwa za ta kashe cutar."

Haba! Ni yunwar take kashewa. Zanena ya daina zama a ƙuguna, ƙululun kuwa sai girma yake. In na ce a koma asibiti, sai a ce in yi haƙuri.

Wata rana ina cikin gonar dawa, na ji wani kumburi a hammatata. Na jefar da fartanya na durƙusa. Na ce, "Ubangiji, na gaji! Masu ƙaunata za su kai ni kabari. Ka ba ni baki."

Na shiga gida na ce, "Maigida, gobe Kano, ko da kai ko ba kai." Ya dube ni, ya je ya nemo mota.

A asibiti, da likita ta ji labarin hana ni sukari, sai ta riƙe kai, ta dubi Bulus. "Baba, ƙwayoyin ne suke ƙera wannan sukarin da kansu. Ba na shayinta ba ne. Ga shi cutar ta kai hammata."

Bulus ya zauna ya yi ta kuka.

An yi aiki, na sha magani har gashina ya zube. Gwajin da aka yi daga baya ya nuna cutar ba ta wuce hammata ba. Halleluya!

Na gode wa Yesu. Mata, ku dogara gare shi, kuma in kun ji ƙululu, kada ku bari a zaunar da ku a gida. Amin.