Makaranta Mai Sunan Mahaifiya

A tashar Rogo muna jiran motar Ƙaraye ta cika, sai wata dattijuwa mai jarkar man gyaɗa ta dubi saurayin da ke gefenta yana ta yi wa wayarsa murmushi.

"Ɗana, budurwa ce ta amsa?"

"A'a, Inna. Makaranta zan buɗe a intanet, ta koya wa yara haɗa manhaja. Sai da sunan da za a rubuta a same ta, kuma mutum biyu ba sa riƙe suna ɗaya. Duk wanda na gwada, wani ya riga ni. Yanzu na samu, har na kama shi."

"Madalla. Wane suna?"

Ya miƙa mata wayar.

"Ban yi boko ba. Faɗa mini."

"Ai sunan mahaifiyata ne."

"To, faɗa mana."

"Haba Inna! Ni in kama sunanta da bakina?"

Ta yi dariya har da tafa hannu. "To ran da aka kira ka gidan rediyo, wayar za ka miƙa musu?"

"Wallahi ban yi wannan tunanin ba."

"Yi yadda ake yi wa jika mai sunan kaka. Kai ka riƙa ce wa makarantar Ummi, ɗalibai su faɗi na gaskiyar. Ita ta sani?"

"Wajenta za ni yanzu."

"To ka shirya. Za ta yi faɗa, ta ce ka baza sunanta a duniya. Kada ka tanka. Kana fita za ta aika a kira mata maƙwabta su zo su ji."